Hujin da Kawu Yake Bari

Ranar zaman makokin Kawu a gidansa na unguwar Trikania a Kaduna, na lura mutane ba sa kuka yadda aka saba. Matan zumunta sun cika tsakar gida suna rera waƙoƙin coci, amma da an kai ƙarshen baiti sai ka ga wata ta juya ta dubi ɗakin da yake ajiye kayan aikinsa, kamar tana jiran injin ya tashi. Gidan bai taɓa yin shiru irin wannan da rana ba. Mun girma cikin ƙarar giranda, injinsa na yanka tayil, har ba ma jin ta, sai da ta ɗauke muka gane ashe ita ke riƙe da gidan.

Malam mai aikin famfo, abokin Kawu na tun samartaka, ya tako da ƙafa daga Unguwar Mu'azu. Ya zauna a bakin benci, ya cire hula ya rufe fuska da ita. Da ya samu bakin magana sai ya ce, "Shekara da shekaru ina jan bututu, shi yana huda mini hanya. Ban taɓa auna masa sau biyu ba. Allah ya jiƙan maza." Wasu tsofaffin ma'aikatan masaƙa kuma suna gefe suna gardama a kan wanda ya fara sanin Kawu, kowa na so ya fi ɗan'uwansa rashi.

Wajen azahar wata mata ta sauko daga mota, matar wani tsohon ma'aikacin gwamnati daga Barnawa. Kawu ne ya shafe kabarin mijinta da tayil. Ta durƙusa gaban matar Kawu, ta kama hannunta, maimakon ta ce sannu da haƙuri sai ta ce, "Mama, shi da ya huda wa kowa, wa zai huda masa?"

Waƙa ta tsaya. Yayan Kawu, wanda muke kira Kawu Babba, ya yi gyaran murya da ƙarfi. Babban ɗan Kawu, Yaya, ya tashi ya fita waje. Mama ta bi ɗanta da kallo.

Bari in faɗi ko ni wace ce, don kada a ce na shiga abin da ba nawa ba. Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Da ta rasu ina ƙarama shi ya ɗauko ni, matarsa ta goya ni, shi ya sa nake ce mata Mama. Yanzu ina koyarwa a firamare, kuma an san ni da baki, ban musa ba. Na rubuta wannan ne saboda na ga yadda ake manta mutum a garin nan. Ana taka aikinsa kullum a banɗaki da kicin, babu mai tuna hannun da ya yi shi.

Kawu ya fara da masaƙa, ya bar ta saboda ƙurar auduga, ya koma aikin tayil a wani kamfanin gine-gine na Turawa, inda ƙurar ta fi ta auduga mugunta. Da kamfanin ya tattara ya tafi, aka bar masa giranda da injin huda da wasu 'yan kofuna na ƙarfe masu kaushin baki. Daimon ne aka barbaɗa a bakin nasu, shi ke cin tayil. Shimfiɗa tayil kowa na yi. Abin da ake neman Kawu dominsa shi ne inda bututu zai fito, da inda tayil zai zagaye ginshiƙi ko gindin masai, wuraren da sauran masu aiki ke fasa kwali guda kafin su samu ɗaya mai kyau.

Kuma ba shi kaɗai yake yi ba, Mama ce mai ruwa. Daimon ba ya jure zafi, in babu ruwa sai ya ƙone, tayil ya tsage. Kawu zai murza laka ya yi ɗan zobe a kan wurin da ya yi wa alama, Mama ta cika zoben da ruwa daga buta. Sai ya karkata kofin ya ɗan ciza gefe ɗaya, har ya yi zane kamar jinjirin wata, sannan ya miƙar da shi a hankali. Ruwan ya koma fari kamar koko. Yakan ce, "Kada ka danna. Ka riƙe kawai, shi ya san hanya." Mama kuwa da kunne take aiki. Gab da kofin zai ratsa, kukan injin yakan canja, sai ka ji ta ce, "Sassauta, Baban yara." Bai taɓa yi mata musu a kan wannan ba, duk da cewa a kan komai na duniya suna musu.

Babban faɗansu a kan murafen tukwane ne. In Kawu zai yanka lanƙwasa, sai ya lallaɓa kicin ya ɗauki murfi ko faranti, ya kifa a kan tayil ya zagaye da fensir. Daga nan ya yi ta tsaga tayil ɗin da faifan daimon, tsaga kusa da tsaga har bakin zanen, ya zama kamar haƙoran mataji, ya kakkarye su da filaya, ya goge bakin ya yi sumul. Mama za ta fito tana faɗa, "Miyata a buɗe ƙudaje na biki, murfina yana masan mutane!" Shi kuma ya ce, "Ai murfinki ya fi ki yawo, ya shiga gidan kwamishina."

Yana da wata ɗabi'a da ba a biyansa a kanta. Duk gidan da ya shiga aiki ya ga yara, sai ya bi kusurwoyin matakala da na kanta ya zagaye su. Yakan ce kusurwa mai kaifi goshin yaro take jira. Akwai wata tsohuwa makauniya a layinmu da kullum take fasa ƙauri a dakalin ƙofarta. Wata Asabar Kawu ya ja waya daga gidanmu ya je ya goge mata bakin dakalin. Ta fito tana shafawa da hannu tana tambaya wa ya yi. Ya ce mata ai dutse ne ya gaji da faɗa da ita.

Sai maganar kaburbura. A wajenmu, in ƙasa ta kwanta bayan damina, akan gina kabari a ɗaga shi, a shafe da tayil. Kawu ya yi irin wannan aiki da yawa, kuma kowanne sai ya bar huji ɗaya ta wajen kai, faɗin bakin kwalba. In wanda ya ba shi aikin ya ƙi, sai Kawu ya tattara kayansa. In baƙo ya tambayi dalili yakan ce, "Damshi ne da zafi. In ba su samu hanya ba sai su ɗaga tayil." Mu na gida mun san ba nan maganar ta tsaya ba.

Sau ɗaya ya ba mu labarin, da rana tsaka, muna ɓare gyaɗa. Kabarin farko da ya shafe na wani ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Ya toshe ko'ina tsaf, yana alfahari da aikin. Bayan wata damina iyalan suka aiko a kira shi. Ya je ya tarar tayil ɗin wajen kai ya fashe, amma ba irin fashewar da ya sani ba. Da'ira ce cif, bakinta sumul, gutsuren yana kife a gefe, kuma duk ɓarɓashin a waje ya zuba. Ya ce, "A lokacin ni kaina ban iya yanka da'ira mai kyau haka ba." Na ce, "To Kawu, wa ya yanka?" Ya jefa gyaɗa a baki ya ce, "Ni dai na ga abin da na gani. Tun ranar ban ƙara sa wani ya yi wa kansa wannan wahala ba." Tsikar jikina ta tashi, ga rana kuwa tana dukan ƙeya.

Wannan hujin ne ya raba shi da yayansa. Kawu Babba dattijo ne a coci, mutum mai gaskiya, amma in ya kafe ko jaki sai ya sara masa. Da Kaka, mahaifiyarsu, ta rasu a nan Kaduna, Kawu ya shafe kabarinta ya bar huji. Kawu Babba ya gani ya zo gida yana huci.

"Ka san abin da mutane za su ce? Ta irin wannan ramin kakanninmu suke zuba wa matattu giya. Mun bar wannan tun kafin a haife ka."

"Yaya, ka taɓa ganina da giya a maƙabarta?"

"Wanda ya mutu yana hannun Ubangiji. Ba ya bukatar tagarka."

"To in yana hannun Ubangiji, me tagata ta rage masa?"

Kawu Babba ya kwaɓa siminti da hannunsa ya je ya toshe. Washegari Kawu ya ari janareto, ya ɗauki Mama da butarta, ya sake hudawa. Daga nan gaisuwa ta mutu tsakaninsu. Kirsimeti ta yi ta zuwa tana wucewa, kowa na aika wa ɗan'uwansa shinkafa ta hannuna, babu mai cewa a gai da wani. Na sha ce musu su ji kunya, gemu fari a kan ramin da bai fi bakin kwalba ba. Babu wanda ya saurare ni.

A bana, da aka yi zaɓe soja suka shirya komawa bariki, aiki ya ɓarke. Duk wanda ya ci kujera sai ya fasa banɗakinsa ya sake, Barnawa ta cika da kwalayen tayil. Kawu ya jira irin wannan lokaci duk rayuwarsa, sai ya zo masa ƙirji ya riga ya ƙare. Tari ya kwantar da shi cikin zafin bazara. Abin da na ƙi mantawa shi ne yadda yake jan numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Ku buɗe taga." Tagogin duk a buɗe suke, har labule mun cire. Bai ga ranar miƙa mulkin da yake ta ɗoki ba.

Yaya bai gaji sana'ar ba. Tun yana yaro ya tsani ƙurar, ya yi karatu, kuma da farar hula suka hau ya samu shiga wajen wani sabon ɗan majalisa. Da damina ta ja baya, ba tare da ya shawarci kowa ba sai Kawu Babba, ya kawo magina suka ɗaga kabarin, suka kifa masa wani baƙin dutse mai sheƙi, falle ɗaya, daga ƙasar waje. An rubuta sunan Kawu da ruwan zinariya. Kowa ya yaba. Babu huji.

Mama ta je ta gani, ta zagaya shi tana shafa gefe-gefe da hannu, ta dawo gida. Daga ranar ta daina cin abinci. Da rana ta take sai ta ja kujera kusa da kujerar Kawu ta katako, ta ɗauki mafici ta yi ta yi wa kujerar fifita. Ba kuka take ba, ba surutai take ba. In na ce Mama ga tuwo, sai ta ce, "Ajiye. Yaya zan ci, mutum yana cikin wannan zafi? Ya mutu yana neman iska, kun kuma rufe shi." Zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga alamar kafin shekara ta ƙare za mu sake haƙa wani ramin.

Ni malamar makaranta ce, ina koya wa yara cewa ƙarfe da dutse suna buɗewa in sun sha zafi. Da wannan ilimin na tafi maƙabarta ni kaɗai wata rana bayan an tashi daga makaranta, don in dawo in ce wa Mama babu komai. Wurin tsit, ko tsuntsu babu. Na ɗora tafin hannu a kan dutsen, zafinsa kamar kaskon suya. Ina shirin janyewa sai na ji ƙwas daga ciki. Na tsaya. Ya sake, ƙwas, ta wajen kai, a hankali, irin yadda Kawu yake ƙwanƙwasa tayil da gindin fensir in yana neman inda babu siminti a ƙasa. Na san bayanin da zan ba 'yan aji. Amma takalmina ɗaya a can na bar shi.

Na wuce Barnawa kai tsaye, na samu Yaya a barandar maigidansa, na zazzage masa duk abin da ke bakina. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Kin gama? Ki dubi gidanmu. Da ragowar tayil ɗin mutane aka shafe shi, wannan kore, wannan ja, babu biyu masu kama. Duk rayuwar Baba guntaye yake kawowa gida, cikakkun na masu kuɗi ne. Abu ɗaya cikakke na ba shi. Ɗaya tak. Shi ma sai an huda?" Idonsa ya kawo ruwa. Na zo da faɗa, sai na rasa inda zan sa shi, don ban taɓa tunanin abin yana cinsa haka ba. Na ce masa kawai ya zo ya ga uwarsa.

Ya zo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Ya tarar da ita tana fifita. Ya durƙusa a gabanta, tsakaninta da kujerar, ya ce, "Mama, ina wuni." Ba ta dube shi ba. Ta miƙa hannu ta ture kafaɗarsa gefe, ta ce, "Matsa, ka tare masa iska."

Yaya ya daɗe a durƙushe. Da ya tashi, ɗakin kayan aiki ya nufa.

Da hantsi muka je maƙabarta, ranar Asabar. Malam ya kawo janareto a bayan a-kori-kura. Yaya ya miƙa masa injin, Malam ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, ɗana. Ni bututu na sani. Wannan naka ne." Yaya ya cire agogo, ya naɗe hannun riga. Mama ta murza laka da yatsunta da suka rame, ta yi zobe ta wajen kai, ta cika shi da ruwa. Sai ga Kawu Babba ya ɓullo, ban san wa ya gaya masa ba. Ya tsaya can ƙarƙashin dalbejiya, ya harɗe hannu. 

Yaya ya tayar da injin, kofin ya zame ya karce dutsen. Ya runtse ido kamar shi aka yanka. Mama ta ce, "Karkata shi. Bari ya ciza tukuna. Yauwa. Kada ka danna." Baƙin dutse ba tayil ba ne, ya yi ta cin lokaci. Ruwan ya koma toka-toka yana gangarowa ta kan rubutun zinariyar. Buta ta ƙare, jarkar da muka zo da ita ta ƙare, rami bai ratsa ba. Yaya ya kashe injin, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Muna duban juna sai muka ga Kawu Babba ya ɗauki jarkar ya nufi rijiyar mai gadi. Ya dawo yana tangaɗi da ita, ya dire a gaban Mama, ya koma gindin bishiyarsa.

Aka ci gaba. Can sai kukan injin ya canja, ni ma na ji. Mama ta ce, "Sassauta, Baban..." ta tsaya, ta haɗiye, ta ce, "Sassauta, ɗana."

Gutsuren ya faɗa ciki. Na kasa kunne in ji faɗuwarsa, don tsakanin dutsen da ƙasa bai fi kamu biyu ba. Ban ji ba. Malam ya kashe janareto, wurin ya yi tsit. Sai iska ta fito ta hujin, mai zafi, doguwa, tana fita a hankali ba ta yankewa, har ta ɗaga bakin ɗankwalin Mama da ke sunkuye. Iskar ta daɗe fiye da yadda nake jin ɗan wurin nan zai iya riƙewa. Ta tsaya. Muna tsaye kamar an dasa mu, sai muka ga ɗan ruwan da ya rage a bakin zoben ya zurara ciki, kamar an ja shi. Malam ya yi salati a hankali. Yaya ya zauna daɓas a ƙasa.

Mama ta goge bakin hujin da gefen zanenta, ta ce, "Sannu, Baban yara. Mun bar ka da jira." Ta dafa ni ta miƙe, ta dubi rana, ta ce, "Ke, akwai sauran tuwon jiya a gida?" A nan ne na yi kukan da ban yi ba ranar makoki.

Muna fita daga maƙabarta Kawu Babba ya rage tafiya har na iso shi. Bai dube ni ba. Ya ce, "Ni har gobe ban yarda da abin nan ba."

Na ce, "Na sani, Kawu."

Muka ɗan taka. Ya ce, "Kofunan nan nasa. Ki gaya wa yayanki kada ya sayar. A shafa musu mai, a ajiye inda za a same su da wuri. Ni ma ba yaro ba ne."

Ubangiji ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci.